Karen da Ba Ya Ji Sai Hausa

Ku sababbin ma'aikata, har gobe ban manta da ranar da muka miƙa Bingo ga mai shi ba. Lokacin ina shekarata ta biyu a matsayin mai jinya a asibitin dabbobinmu na Mokola, a nan ƙasar Yarbawa.

Bashir ɗan maƙwabcinmu ne a Sabo, shekarunsa goma sha shida, kuma ba ya da buri sai horar da karnuka. Mahaifinsa, Alhaji Ɗanlami, ya ba shi hutun makaranta ɗaya tak. In Dokta, shugaban asibitin, bai riƙe shi ba, sai rumfar albasa a kasuwar Shasha. Ni na roƙa masa gurbi.

Ka'idar ita ce ɗan koyo ya fara da wanke keji da zagayawa da karnuka, sannan a ba shi kare ɗaya ya koya wa zama, kwanciya da amsa kira. Aka ba shi Bingo, karen wata Madam daga unguwar Bodija. Nakan hango su ta taga, yana yi masa magana ƙasa-ƙasa kamar mai lallashin jariri. Abin yana yi mini kyau, har ban taɓa matsawa na ji da wane harshe ake lallashin ba.

Ranar miƙawa Madam ta ba da umarni da Turanci. Bingo ya kalli sama. Ta koma Yarbanci, ya yi hamma. Dokta ya cire tabarau. Bashir ya ce mini a hankali, "Anti, shi ke nan, albasa ta kira ni."

Sai karen ya nufi maigadin Madam, Malam Sale, wanda ya rako ta. Dattijon ya tattare rigarsa ya ja da baya.

"Kai, alwala gare ni! Zauna can!"

Bingo ya zauna.

"Ikon Allah. To kwanta mana!"

Ya kwanta, yana kallonsa da ƙauna.

Madam ta tambayi maigadin ko zai riƙa kula da shi. Ya ce, "Madam, ƙofa aka ɗauke ni in tsare, ba wannan ba."

Dokta ya ce za a sake horon daga farko. Madam ta ƙi. Ta ce karen da ba kowa zai iya ba wa umarni ba, shi take so. Ta ce Bashir dai ya riƙa zuwa duk Asabar yana koya mata kalmomin. Dokta ya mayar da tabaransa, ya ce yaron ya dawo ranar Litinin.

A ranar na gane cewa a sana'ar nan karen yana saurin ɗauka, mai shi ne ke cin lokaci. Shi kuwa Alhaji Ɗanlami, duk wanda ya tambaye shi aikin ɗansa a ƙofar masallaci, sai ya gyara hula ya ce, "Malami ne. Hausa yake koyarwa a Bodija."