Tayar Baya ta Hagu

Shekara ashirin da bakwai Mai Faci ya yi a kwanar da ke gab da tashar mota, tsakanin shagon mai walda da rumfar mai sayar da man juye. Kayan aikinsa ba su da yawa: injin ba da iska mai tari kafin ya tashi, jak biyu, ƙarafunan ɓamɓare taya, gwangwanin gam, da rabin duro cike da baƙin ruwa, inda yake tsoma taya ya ga ta ina take huci. Sai wani dogon benci da direbobi suka mayar majalisa.

Mutum ne gajere mai faɗin kafaɗa, marar yawan magana. Da karen mota ya fara, har ranar da ƙofa ta datse masa ɗan yatsa, ya sauka ya koyi faci. Tun yana tsugunawa ya miƙe kamar ba komai, har ya zama sai ya dafa gwiwa. Direbobi sun yarda da shi fiye da yadda suka yarda da junansu. Wannan ya ce motarsa na ja gefe guda, wancan ya tambayi iska nawa ake bai wa taya lokacin zafi, wani kuma ya kawo gardamar ko sabuwar taya gaba ake sa ta ko baya. Mai Faci sai ya shafa tayar da tafin hannu tukuna, ya duba yadda ta ci, sannan ya ba da amsa a taƙaice.

"Ba tayarka ce ke da laifi ba. Ƙafar motar ce ta karkace. Je ka a saita maka."

Mutum ɗaya ne a duniya yake iya sa shi surutu, ƙanin matarsa, direban motar haya mai zuwa garuruwan nesa. A tasha Sai-Gobe ake kiransa, domin duk gyaran da aka nuna masa amsarsa ke nan. Birki na ƙara, sai gobe. Fitila ɗaya ta mutu, sai gobe. Dogo ne siriri mai dariya da dukan jikinsa, yana da mata da 'ya'ya mata uku, kuma ba ya wuce kwanar nan bai tsaya ya tsokani mijin yayarsa ba.

"Mijin Yaya, ka dawo mana da yayarmu haka nan. Duk ka ramar da ita."

"Zo ka ɗauke ta yau ɗin nan," in ji Mai Faci. "Amma ka haɗa da bakinta, kada ka bar min shi."

"A'a, bakin naka ne. Shi ka gani ka ce kana so."

'Yan benci su yi ta dariya. Matar Mai Faci kuwa ita ta raini Sai-Gobe tun rasuwar mahaifiyarsu, shi ya sa take ɗaukarsa kamar ɗan fari. Ko faɗa take yi masa, rabinsa shagwaɓa ce.

Wata Alhamis da safe, wajen ƙarfe takwas, Sai-Gobe ya gangaro da motarsa a hankali, cike da fasinja, kaya har saman but. Tayar baya ta hagu ta kwanta. Mai Faci ya sa jak ya kwance ta, ya ba ta iska ya tsoma a ruwa. Kumfa ya taso, ba daga inda taya ke taka ƙasa ba, daga gefenta. Wani ƙarfe ne ya yanke ta, tsagar ta kai tsawon ɗan yatsa.

"Wannan ta gama aiki," ya ce. "Kawo safaya."

Sai-Gobe ya sosa ƙeya. "Safayar ce wannan. Waccan ta fashe shekaranjiya."

"Ka ce min za ka sayi wata."

"Na ce gobe."

"To goben ta zo. Sauke mutane, ka nemo taya."

Mai Faci ba shi da taya irin girmanta a rumfa, mai shagon tayoyi kuma ba ya buɗewa sai rana ta take. Fasinjoji suka fara gunaguni. Wata mata ta leƙo ta taga ta ce ita asibiti za ta kai takarda, wani dattijo mai farar hula ya ce ɗaurin auren jikarsa zai je. Sai-Gobe ya tsuguna kusa da Mai Faci ya rage murya.

"Mijin Yaya, ka rufa min asiri. Kwana biyu ina bin layi kafin lodi ya zo kaina. In na sauke su, sai wani makon."

"Ba a facin gefe. Nan ne taya ke lanƙwasa. In ta yi zafi sai ta buɗe."

"Wasu ne ba sa iyawa. Kai hannunka daban ne. Zuwa ɗaya kawai, wallahi in na dawo ni da kaina zan yanka ta."

Mai Faci ya ƙi sau uku. A na huɗu Sai-Gobe ya cire hularsa ya ɗora masa a gwiwa, ya ce ba zai ɗauka ba sai an yi, ya kuma yi fuskar maraya irin wadda yake yi wa yayarsa. Dariya ta kuɓuce wa Mai Faci. Ya ɗauki tayar, ya kankare cikinta, ya yanko faci mai kauri ya shafa gam, ya gasa shi sosai. Aiki ya yi mai kyau, irin wanda ko shi ya san ya yi kyau. Ya mayar da ita, ya ɗaure notoci.

"Kada ka wuce sittin. Ka tsaya a hanya ka taɓa ta, in ta yi zafi ka huta."

"An gama, ranka ya daɗe."

Ya tafi yana danna ham.

Wajen ƙarfe biyu na rana mai walda ya kashe injinsa ya tako da waya a hannu. Ya zauna a benci, ya faɗi labarin da ya samu. Motar Sai-Gobe ce ta ƙwace a wata gangara, ta juya sau biyu. Sai-Gobe ya cika nan take, shi da dattijon mai farar hula. Sauran suna asibiti.

Mai Faci yana riƙe da tayar wani a lokacin. Ya ƙarasa ba ta iska, ya gwada da geji, ya miƙa wa mai ita. Sannan ya zauna a ƙasa.

A wurin zaman makoki kowa da abin da yake faɗa. Wasu suka ce gudu ne, wasu suka ce hanyar ce ta lalace, akasari suka ce kwana ne ya ƙare. Ba wanda ya ambaci faci. Kwana uku bayan haka Mai Faci ya tafi shi kaɗai filin da aka jawo motar. Ta murƙushe kamar gwangwani. Bai dubi gaba ba, ya zagaya baya ta hagu. Tayar ta dare tun daga gefe, wayoyinta sun yi cirko-cirko, ga facinsa nan yana reto a bakin tsagar, rabi a manne rabi a sake. Ya san yankan wuƙarsa. Ya daɗe a tsugune, har mai gadin filin ya zo ya tambaye shi ko wani abu yake nema.

Wata biyu ya yi da abin a cikinsa. Yana fita aiki, yana dawowa, abinci kuwa sai ya juya cokali ya ture kwano. Mutane suka ce ai dole, shaƙuwarsu ta yi yawa. Abin da ya fi ci masa rai shi ne matar marigayin. Duk lokacin da ya kai musu cefane sai ta durƙusa ta gaishe shi, ta ce, "Yaya, ku ne uban yaran nan yanzu. Allah ya bar mana ku." Ƙaramar kuma ta zo ta haye cinyarsa tana wasa da guntun yatsansa.

Wata safiya ya sa takalmi zai fita, sai ya tsaya. Matarsa na tsakar gida tana wanki. Ta rame, ɗankwalinta ya zame baya ba ta gyara ba.

"Uwar yara, akwai maganar da zan faɗa miki."

Ya faɗa mata duka, bai rage komai ba, har dariyar da ya yi. Ba ta ɗago ba. Ta ci gaba da cuɗa rigar da ke hannunta har ya gama.

"Na sani," ta ce.

Ya tsaya yana kallonta.

"Ya kira ni daga gidan mai kafin su ɗauki hanya. Yana ta dariya, wai yau ya sha kan mijina, ya sa shi abin da ya rantse ba ya yi." Ta matse rigar ta ajiye. "Ka san abin da na ce masa? Ce masa na yi ya yi sauri ya juyo kafin la'asar, ya kai ni dubiya. Ni na ce ya yi sauri."

Nan ta fashe da kuka, irin wanda ko ranar mutuwar ba ta yi ba. Ya zauna a bakin rijiya kusa da ita. Ya so ya ce mata ba laifinta ba ne, ya ga in ya faɗa kamar yana roƙon ita ma ta faɗa masa haka. Ruwan wanki na ta bin ƙasa ta ƙarƙashin ƙafafunsu.

Da yamma ya je ya faɗa wa matar marigayin. Matarsa ta hana shi, bai hanu ba. Matar marigayin ta saurare shi tana zaune a kan tabarma, hannunta a kan kan 'yar ƙaramar.

"Yaya, da ka bar ni da ƙaddara," ta ce. "Da ita nake kwana nake tashi, kuma tana ɗaukuwa. Yanzu ka ba ni fuskar da zan riƙa gani."

Ba ta zage shi ba, ba ta kuma kai maganar ko'ina ba. Da ta fita takaba sai ta tattara yaran ta koma gidan iyayenta a wani gari. Abin da yake aika wa yaran tana karɓa, ta aiko da godiya ta bakin wani. Shi dai bai ƙara jin muryarta ba. Dangin dattijon mai farar hula kuwa ya yi cigiyarsu a tasha har ya gaji, ba wanda ya san ko su wane ne.

Ya koma aikinsa, domin ba shi da wani. Amma ya zama mutum mai wuyar sha'ani. Tayar da ta yanke a gefe, ko ta kumbura, ko ta suɗe har waya ta leƙo, ba ya taɓa ta. In mai ita ya nace, sai ya mirgina masa abarsa ya juya baya. Direbobi da dama suka koma wurin wani mai faci a bayan tasha, wanda ba ya musu da kowa. Bencin ya rage mutane. Wata rana wani matashin direba ya ce masa, "Baba, kai dai tsoro ya yi maka yawa." Ya ce, "Haka ne," ya ci gaba da aikinsa.

Yanzu ya haura shekara sittin, bayansa ya fara ƙin jak. A shekara ta uku bayan rasuwar ne matarsa ta soma kawo masa abincin rana da kanta, abin da ba ta taɓa yi ba tun aurensu. Takan zo da kwano ɗaure a ƙyalle, ta zauna a ƙarshen benci, ta jira ya wanke hannu da omo. Ba sa wata hira mai tsawo. Ta ce masa rufin ɗakin girki na yoyo, ya ce zai duba. Ta ce babbar 'yar marigayin ta gama makaranta, an ce ta yi tsawo sosai. Ya gyaɗa kai. In ya ci rabi ya ture, sai ta turo masa kwanon, ta ce, "Ƙara kaɗan." Ya ƙara.