Ranar da Na Sha Fura a Gaban Surukina

Ku matso kusa, ku ara mini kunnuwanku, in na gama zan mayar muku. Abin da zan faɗa a kaina ya faru, kuma masu shaida suna nan da ransu.

Uwata ta bar mini jeren ƙore. A tsohon garin Yola muka tashi, inda ake leƙa ɗakin mace a ga ƙore sun hau kan juna har kusa da rufi, sannan a ce lallai gidan da mace. Nata masu zanen wuta ne, baƙi a kan ja, wasu ita ta zana da ƙarfe mai zafi, wasu kakata. Babbar cikinsu, wadda muke ce wa tummude da Fillanci, jariri zai zauna a ciki a yi masa wanka. Ba a ci a cikinsu. Shafe su ake yi da man shanu, a jera, a rufe da faifai.

Shekarar da rikici ya sa mutanen Mubi suka gudo, gidanmu ya cika. Wasu dangi ne, wasu dangin dangi, wasu kuwa ƙofa kawai suka gani a buɗe. Ɗakin jere na kwashe na ba wata mai jego da 'ya'yanta. Manyan ƙore na kai ɗakin ajiya a bayan madafa, ƙananan kuma aka riƙa raba kunu a ciki, don kwanoni ba su isa ba. Da ƙura ta lafa baƙi suka koma, na buɗe ɗakin ajiya, sai na tarar gara ta riga ni. Ki ɗaga ƙwarya, gindinta ya zauna a ƙasa. Waɗanda suka tsira na kai wa gyartai ya ɗinke, amma ƙwaro ya riga ya shige su. Kowace safiya sai in ga gari a ƙarƙashinsu kamar an yi tankaɗe.

Ina da jika, 'yar 'yata, tana aiki a wani gidan adana kayan gargajiya a Jimeta. Ita ta zo ta durƙusa ta shafo garin nan da yatsa.

"Maama, ƙorenki mutuwa suke yi a tsaye. Akwai baƙi da za su zo yawon buɗe ido. In abin ya burge su, za su sa a yi akwatin gilashi, a sa magani, ƙwaro ya mutu."

"To kwashi ki kai."

"Ba ƙoren kaɗai suke son gani ba. Har da mai su."

"Ni ma a gilashin za a sa ni?"

"Da kin yarda ai da mun huta da faɗa, tsohuwa."

Na yi mata daƙuwa, amma na yarda.

Yanzu sai in gaya muku wane ne ubanta. Bahaushen Jimeta ne, kakanninsa fatake, shi kuma direban bas. Tun da ya auri 'yata bai taɓa ganin bakina yana motsi da abinci ba. Haka muka gada: mace ba ta ci, ba ta sha a gaban surukinta, ko da ruwa ne. In ya zo gaisuwa, a bakin ƙofa yake cire takalmi ya tsuguna, ni kuma in amsa daga bayan labule. Akwai ranar da ya yi sallama goro na bakina. A kunci na riƙe shi har ya gama tambayar mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, ya tafi. A gidansu ba a tsananta haka, amma ya koya, ya kuma riƙe fiye da wasu 'ya'yan Fulani.

Ranar ta zo, aka kai ni da ƙoren gidan adana kayan. Aka shimfiɗa mini tabarma a ƙarƙashin rumfa, aka jera ƙore a bayana, tummude a tsakiya. Aka ba ni fura da kindirmo in dama a ɗaya daga cikin ƙananan nan da suka ci kunun 'yan gudun hijira. Baƙi suka sauko daga mota, da namu na Abuja da Turawa. Wata doguwar Baturiya mai na'urar hoto ta tsuguna a gabana, tana tambaya, jikata tana fassarawa. Ta shafa ɗinkin gyartai, na ba ta labarin mai jegon nan, idonta ya kawo ruwa. Na ce a raina, to, ƙore sun tsira.

Sai ta ce in ɗebo da ludayi in sha, ta ɗauka.

Na ɗaga kai. A ƙarshen rumfa, makulli a hannu, ga direban da ya kawo su. Surukina.

Jikata ta sunkuyo, ta yi ƙasa da murya. "Maama, don Allah. Ludayi ɗaya."

"Ba ki ga wanda ke tsaye ba?"

"Na gani. Baba ne fa."

"Babanki ne ke. Ni kin san abin da yake a wurina."

"Wallahi ban san shi za a ɗauko ba. Maama, ogana yana kallo."

Ogan kuwa yana kallo, yana murmushin da ba na daɗi ba. Baturiya ta saita na'ura tana jira. Ita ba ta san komai ba, baiwar Allah, a wurinta fura ce kawai. Na waiwaya wajen tummude. Daga ajiye ta zuwa lokacin, har gari ya zubo a kan tabarma.

Na ɗaga ludayi.

Ya gani. Na ga ya gani. Ya juya da sauri har ya yi karo da ƙafar rumfa, ya nufi motarsa, ya tsuguna yana duba tayar da lafiyarta ƙalau. Ni kuwa na kurɓi furar. Ta zubo mini a haɓa. Baturiya ta ce hoton bai fito ba, a sake. Na sake. Aka yi ta tafa mini. Da ƙasa ta tsage a lokacin, da na shige ban ɗauki ko mayafi ba.

Da aka tashi, ogan ya ce a sa ni a bas a kai ni gida. Na ce ƙafata na son tafiya. A keken haya mai ƙafa uku na koma Yola, fuskata a rufe har ƙofar gida.

An yi akwatin gilashin. Ƙwaro ya mutu, tummude na nan a tsakiya, 'yan makaranta suna zuwa kallo. Baturiya ta koma ƙasarsu, ta aiko da hoton, aka faɗaɗa shi aka kafa a bakin ƙofar gidan: tsohuwa, baki a buɗe, ludayi a leɓe. Jikata an ƙara mata girma, yanzu ita ke zagayawa da baƙi, har tana gaya musu cewa matan Yola ba sa ci a gaban surukai.

Surukina bai taɓa ɗaga maganar ba, ko ga matarsa. Yana zuwa gaisuwa kamar da, ya cire takalmi, ya tsuguna, sai dai ya ƙara ja da baya daga ƙofar. An ce mini in ya kai baƙi gidan adana kayan, a bayan gini yake ajiye mota, inda ba a hango hoton.

Ni kuwa ban sake taka wurin ba. In kewar ƙoren uwata ta dame ni, sai in sa jikata ta nuna mini su a waya, in ce ta matsar da hannu kada ƙofar ta fito.