Na'ura Biyu, Lasisi Ɗaya

Na fara aiki a asibitin nan ne a matsayin mai buga takardu. Ƙaramin asibiti ne na mata da yara a cikin birni, tafiyar minti ashirin a ƙafa daga gidan mijina a Ƙofar Galadima. 'Yan birni suna zuwa, amma matan ƙauye su suka fi cika barandar, waɗanda kan taso da sassafe a bayan a-kori-kura. Wata ƙungiyar Turawa ce take tallafa wa asibitin. Ita ta kawo kwamfutoci a shekarun casa'in, ta ce a kwashe abin da ke cikin katunan marasa lafiya a zuba a ciki. Ni aka ba aikin. Shekara uku ina bugawa, kati bayan kati, har na san rubutun kowace nas da kowane likita da ya taɓa zama a wurin. Duk katin da na gama, a ɗaure shi da 'yan uwansa a kai sito a bayan ɗakin wanki.

Mai kula da na'urorin wani dattijo ne Kirista ɗan Wusasa, injiniya, mai zuwa a kan tsohuwar besfa. Kowa Oga yake ce masa. Ni Baba nake ce masa, don ya kusa sa'an mahaifina, shi kuma ya ce mini 'yata. Da ya ga ina leƙen abin da yake yi, sai ya fara jawo mini kujera. A hankali ya koya mini duk abin da ya sani, ba tare da wani ya sa shi ba.

Manyan na'urori biyu ne a ɗakin, ɗaya kusa da taga, ɗaya kusa da ƙofa, da akwatin faifai a tsakaninsu. A cikin akwatin nan bayanan marasa lafiya suke. Na'ura ɗaya ce take aiki da akwatin, ɗayar tana zaune tana sauraron 'yar uwarta. In ta taga ta tsaya, ta ƙofa takan karɓi akwatin kafin nas ɗin da ke neman suna a can gaba ta gama tsaki. Farkon kowane wata Baba yakan zare wayar wutar ɗaya da gangan, ya tsaya yana duba agogon hannunsa har ɗayar ta karɓa. Wannan kaɗai ne lokacin da nake ganin haƙoransa a wajen aiki.

Turawan sun tattara sun tafi a lokacin da ƙasa ta rikice, suka bar asibitin a hannun wani kwamiti. Sai daga baya muka gane cewa lasisin manhajar da suka bar mana ƙarami ne. Yana da iyakar abin da zai ɗauka, mu kuwa kullum haihuwa ake yi. Wata safiya saƙo ya fito a fuskar na'urar cewa mun kusa kaiwa iyaka. Bayan wata biyu ta daina karɓar sabon suna. Tsofaffin marasa lafiya ana ganin bayanansu, sababbi kuwa nas-nas suka koma rubuta su a bayan takardun magani suna cusawa a aljihun tebur.

Baba ya rubuta wa shugaban asibitin cewa a sayo babban lasisi, guda biyu, kowace na'ura da nata. Ya ja layi a ƙarƙashin biyun. Shugaban likita ne mai kirki, ɗan birni, wanda aiki ya yi wa yawa. Ya kai maganar gaban kwamiti sau uku kafin su yarda a sayo. Da ambulan ɗin saƙon ya iso daga Legas, muka buɗe muka tarar da faifai guda, takarda guda, da wani ɗan makulli na roba kamar akwatin ashana, wanda ake sokawa a bayan na'ura. In babu shi babbar manhajar ba za ta tashi ba. Shi ma guda ɗaya ne.

Shugaba ya zo ɗakinmu da kansa. Ya ce kwamiti sun ce ai na'ura ɗaya ce take aiki a kowane lokaci, don me za a saya wa mai zaman banza.

Baba ya ce, "Likita, ba zan sa ba. In babbar manhaja ta buɗe akwatin nan sau ɗaya, za ta sāke masa tsari. Ƙaramar ba za ta ƙara iya karanta shi ba har abada. Ka ga mun koma na'ura ɗaya ke nan, ɗayar ta zama tebur."

"To mu yi ta zama haka, Oga? Mata suna haihuwa ana rubuta su a bayan takarda?"

"A bayan takarda dai suna nan. A kawo na biyun, in yi maka duka a yini ɗaya."

Ya sa ambulan a kabad, ya ba ni mabuɗin kabad ɗin kamar yadda ya saba.

Mako uku bayan nan ƙaninsa ya rasu a kudu, ya ɗauki hutu ya tafi. Ran Alhamis shugaba ya aika a kira ni. Ban manta ba, akwai wata tsohuwar nas a ofishin tana ta faɗa, wai an yi wa wata jaririya allurar rigakafi sau biyu saboda takardar farko ta ɓace. Da ta fita, ya dube ni ya ce, "Malama, ke ma kin iya abin nan, ko?"

Na ce na iya, amma Baba ya hana.

Ya ce, "Oga ya tsufa, komai tsoro yake ba shi. Na biyun yana zuwa, na yi miki alkawari, kafin ƙarshen damina. Ki taimaki matan nan."

Zan faɗi gaskiya, ba tausayin matan ne kaɗai ya sa na yarda ba. Shekara biyar ina ɗakin nan, a takarda har yanzu mai buga takardu ce ni. Na so a ga abin da na iya.

Ran Asabar da hantsi na je, asibiti babu cunkoso. Na bi matakan yadda Baba ya taɓa zana mini a allo. Na miƙa aiki ga ta ƙofa, na soka ɗan makullin a bayan ta taga, na sa faifan. Ta tambayi lambar lasisi, na buga ina karantawa a fili. Ta yi kusan awa guda tana aiki. Da ta gama, na dawo mata da akwatin. Wani gargaɗi ya fito da Turanci, layi uku, yana cewa za a sāke tsarin bayanai kuma babu komawa baya, in ci gaba ko in fasa. Na karanta shi sau biyu. Na san abin da yake nufi sarai. Na yi bisimilla na danna.

Komai ya tafi lafiya. Kafin azahar na shigar da sunan jaririyar nan da hannuna, ya shiga. Ran Litinin nas-nas suka zo suna yi mini sannu, ɗaya har da kawo mini waina a kwano. Shugaba ya ce zai yi maganar ƙarin girmana.

Baba ya dawo bayan kwana goma. Yana shiga ya ga ɗan makullin a bayan na'ura. Ya ajiye jakarsa, ya zauna, ya umarci ta taga ta miƙa akwatin. Ta ƙofa ta yi ƙoƙari, ta yi ƙoƙari, ta mayar. Ya sake gwadawa, ta sake mayarwa. Ina tsaye a bayansa ina jiran faɗa. Bai yi ba.

Ya ce, "Kin ajiye kaset ɗin da kika kwafa kafin ki sa?"

Kaset uku gare mu da muke kwafe bayanai a kai, muna juya su. Na ɗauki kwafi kafin in fara, amma a kwana goman nan na bi ta kan duka ukun da sababbin kwafi, waɗanda ƙaramar manhajar ba za ta iya karantawa ba, domin kuwa haka ya koya mini in riƙa yi kullum. Na gaya masa. Ya cire tabarau ya daɗe yana goge su da bakin riga.

Ya ce, "To, 'yata. Sai mu yi addu'a, kowa da irin tasa."

Daga ran nan ya riƙa rubuta wa shugaba wasiƙa duk mako a kan lasisi na biyu. Farkon wata ya zo, bai zare wayar komai ba. Hira ta ragu a tsakaninmu, ko da yake bai taɓa canza mini fuska ba, wanda da ya canza da na fi samun sauƙi.

Tsawa ta faɗi wata ranar Laraba bayan la'asar, a tsakiyar damina. Ina ɗakin. Wani haske ya shigo, na ji ƙara kamar an fasa tulu, sai warin ƙonanniyar roba. Ta taga ta mutu, ɗan makullin ya narke ya manne a bayanta. Ta ƙofa lafiyarta ƙalau. Ta yi abin da aka gina ta don ta yi, ta miƙa hannu ta karɓi akwatin, ta kasa buɗe shi. Akwatin ma babu abin da ya same shi. Fitilarsa kore tana ci. Duk abin da na buga yana ciki, babu mai iya karantawa.

Washegari aka buɗe sito a ɗebo tsofaffin katuna. Rufin ya daɗe yana yoyo, gara kuma ta shiga. In ka ɗaga ɗauri sai ya zube a hannunka kamar dusa. Abin da muka tsira da shi bai cika kwali biyu ba.

A cikin makon wata mata ta zo daga ƙauye da 'yarta mai ciwon sikila, 'yar shekara bakwai, idanu sun yi ɗorawa, tana riƙe da ƙafa tana kuka. Uwar ta kwance bakin zane ta fito da ɗan katin lambarta. Ta ce bara an yi wa yarinyar wata allura a nan, jikinta ya kumbura, numfashi ya so ya ɗauke, likitan ya ce ya rubuta kada a ƙara yi mata irinta. Wancan likitan ya bar aiki. Nas ta kawo ta har ƙofar ɗakinmu, ko za mu iya wani abu.

Matar ta ce mini, "Hajiya, ga lambar. An ce in an ba injin lamba yana faɗa."

Na karɓi katin na duba. Ni na buga bayanan yarinyar nan, na tuna sunan ƙauyensu, amma sunan allurar ya ƙi zuwa mini. Na ce mata injin ya lalace. Ta leƙa ta ga fitila tana ci, ta ce, "Ai ga shi a kunne." Na mayar mata da katin. Likita ya ji tsoron taɓa yarinyar, ya rubuta musu takarda zuwa babban asibiti. Na ga uwar ta goya ta, ƙafafun yarinyar suna kai mata har gwiwa, suka fita. Ban san ko sun je can ba, ko mota suka nema suka koma gida. Ban ƙara ganinsu ba.

Kwamiti ya zauna bincike. Aka kira mu mu biyu, shugaba yana zaune a gefe yana kallon takardun gabansa. Wani Alhaji da ke jagorantar zaman ya tambaya wa ya sa manhajar alhali lasisi ɗaya ne. Kafin in buɗe baki Baba ya ce, "Ni na ce ta sa. Umarnina ta bi." Alhajin ya juyo ya ce, "Haka ne, Malama?" Ina da ciki wata biyar a lokacin, kasuwar mijina kuma ta tsaya. Na sunkuyar da kai, suka ɗauka e na ce, ban kuwa gyara ba.

Aka sallame shi, saura shekara biyu ya yi ritaya. Na je Wusasa sau ɗaya. Na same shi a tsakar gida yana gyara wa maƙwabta rediyo. Matarsa ta kawo mini ruwa da gyaɗa ta koma ciki. Na fara magana ina kuka, ya ɗaga hannu.

Ya ce, "Da na nuna miki yadda ake yi, ban nuna miki yadda ake cewa a'a ba. Wannan laifina ne. Ki sha ruwa."

Na ce zan je in gaya wa kwamiti. Ya ce in na je za su kore ni ne kawai, ba za su mai da shi ba. Na san gaskiya ya faɗa, na kuma ji daɗin da ya faɗa, abin da har yau nake jin kunyarsa.

Lasisi na biyu bai zo ba. Da aka matsa, kamfanin ya amsa cewa sun daina sayar da irin wannan, sabon kuma ba zai hau tsofaffin na'urorinmu ba. Aka buga sababbin katuna, aka ba ni tebur a baranda da biro. Duk wadda ta zo sai in tambaye ta daga farko: haihuwa nawa, nawa ke raye, an taɓa yi miki aiki, wane magani ne ba ya karɓarki. Wasu su tuna, da yawa su ce, "Ai yana wajenku."

Baba ya rasu shekara huɗu bayan haka. Da na dawo daga gaisuwa ban wuce gida ba, na shiga ofishin shugaba, na ce masa ina so a rubuta a fayil ɗin marigayin cewa ni na sa manhajar, shi kuwa hana ni ya yi.

Ya ce, "Na sani, Malama. Ai ni na ce ki sa." Ya ce fayil ɗin yana wajen kwamiti, kwamitin kuma an rushe shi tuni, bai san inda takardunsu suke ba. Ya tambaye ni ko akwai sauran mata a baranda. Na ce akwai. Ya ce to in je in sallame su kafin a tashi.