Man Kaɗen Ado da Ƙyallin Nafi'u

Shekara tara ke nan da muka binne Ado. Mota ɗaya muka shiga za mu Kano sayen bakin biro. Taya ta fashe bayan mun haye gada. Shi ya cika nan take, ni na tashi da ƙafa ɗaya ta gajarce. Ban taɓa tambayar dalili ba. Mai rai ya karɓi abinsa.

Ado masassaƙi ne ɗan masassaƙi, a Sabon Garin Wudil. Ubansa turmi da taɓarya ya sassaƙa har ya mutu. Shi kuwa da ya ga malamai da ɗalibai sun cika gari, sai ya kwance keken ɗinkin matarsa, ya ɗaura wa ƙafar keken ƙarfe mai juya itace, ya riƙa fere guntayen ƙirya da maɗaci yana zura musu biro a ciki. An yi masa dariya a kasuwa. Daga baya masu dariyar suka zo saye. Shi ke fitar da siffar alƙalami, ni ke gamawa. Ban yi boko ba, ban taɓa rubutu da ko ɗaya ba. Wannan ma faɗa nake ana rubutawa.

Gamawar ba wuya gare ta ba, jira ne. A bi da samfefa mai kaushi, a koma mai laushi, kullum ta tsawon itacen. Sai a shafa masa jiƙaƙƙen tsumma a ajiye a inuwa. In ya bushe za ka ji gashin itacen ya miƙe, sai ka sake gogewa. Ado ya kan ce wanda ya tsallake wannan, gumin hannun mai saye ne zai tona masa asiri. Bayan nan man kaɗe, a murza a tafin hannu har itacen ya ɗau ɗumi, a bar shi ya sha, a sake. Ƙarshe kakin zuma da ake kawo mana daga Kausani. Ba ya ɗaukar ido. Sai ka riƙe shi kake sanin an yi aiki. Mutumin da ba ya iya jiran shayi ya huce, a nan kaɗai na ga haƙurinsa.

Yanzu rumfar tana hannun ɗansa Nafi'u, magidanci ne da iyalinsa. Ya sa injin lantarki, yana ciniki ta waya har Abuja da Legas. Man kaɗe kuwa ya ajiye shi. Gam mai kama nan take yake ɗiga wa alƙalami yana juyawa, ya goge, ya fito kamar gilashi. Abin da nake kwanaki a kai, kafin azahar ya gama. Tun daga nan bencina ya zama wurin zama kawai. Bai kore ni ba. Kullum ya gaishe ni a durƙushe, ya aiko min koko da ƙosai. Ni kuwa ban saba cin abincin tausayi ba. Na fara tunanin in tattara in koma gida.

Na taɓa ce masa ubansa ba zai yarda da wannan ƙyallin ba. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, “Baba Garba, mutumin da ya kwance keken Inna don ya yi inji?”

Gaskiya ya faɗa. Na daɗe ina juya maganar. Da Ado na nan, shi zai fara sayen gam ɗin. Zai manne yatsunsa biyu, ya zagi kwalbar, ya yi dariya, gobe ya sake gwadawa. Ni ne ba na son sabon abu, sai na laƙaba wa mamaci. Mu da muka rage haka muke yi, mu sa wa matattu maganar da ke bakinmu tunda ba za su musa ba.

A daminar da ta wuce na yanke shawara. Na zo da safe in ɗauki tsummana da gwangwanin man kaɗe, in yi wa Nafi'u sallama. Na tarar da shi tsaye bakin inji, ido a rufe, yana goga ɗanyen alƙalami a leɓensa na sama. Na tsaya. Haka Ado ke yi kafin ya yarda a sa mai, don hannun masassaƙi ya yi kanta, ba ya jin ƙaramin kaushi, leɓe kuwa ba ya ɓoyewa. Ban taɓa nuna wa Nafi'u ba. Na tambaye shi wa ya koya masa, ya ce ba kowa, bai ma san yana yi ba.

Ya miƙo min. “Baba, akwai kaushi, ko leɓena ne?”

Akwai, daidai wuyan alƙalamin. Ya ce abin da ke damunsa ke nan. Gam ba ya rufe kaushi, fito da shi yake kamar ƙuda a cikin kwalba, shi kuma hannunsa ya saba da sauri. Ya tambaye ni ko zan karɓi gugar da jiƙon, shi ya riƙa sa gam ɗin. Na dube shi sosai ko lallashi ne. Ba lallashi ba ne, akwai kwali cike da waɗanda ya ƙi sayarwa. Na jawo benci na ce ya miƙo samfefa.

Man kaɗe da kakin zuma za su bi ni kabari, na sani, kuma na daina jin zafin haka. Keken ya yi tsatsa. Sunan Ado ba ya jikin alƙalami ko ɗaya. Abin da ya bari shi ne ɗa wanda ba ya iya sayar da abin da leɓensa bai yarda da shi ba, ko da mai saye ba zai taɓa ganewa ba. Allah ya jiƙan Ado, ya kyautata namu zuwan. Kokon da nake sha yanzu na aikina ne.