Ƙugiyar da Malam Saleh Bai Sa Ba

Ruwa aka kwana ana yi, aka kuma wayi gari da shi, irin ruwan watan Agusta mara tsawa mara iska, wanda yake zuba kamar ba shi da niyyar ɗaukewa. Gajimare ya sauko ya rufe duwatsun da ke bayan Dutse Alhaji, kwatoci suka cika suna amai a kan hanya, wuta kuwa tun jiya aka ɗauke. A cikin wannan ruwa Malam Saleh ya rungumo kwalin mujallarsa daga shagon Prudence mai buga takardu, ya lulluɓe shi da leda, shi kuma ya bar kansa ya jiƙe. Da ya isa ɗaki ya ja kujera bakin taga, ya ɗauko baƙin bironsa, ya yi bisimilla.

Malam Saleh mutumin Zariya ne. Aikin buga tafireta ya kawo shi Abuja lokacin da ma'aikatu suka taso daga Legas, a kan wannan aiki kuma ya yi ritaya. Ba mai yawan magana ba ne. Wani ogansa da ya je kwas Japan ne ya dawo masa da ɗan littafin waƙoƙin mutanen can, irin waɗanda suke kira haiku: layi uku kacal, na farko gaɓa biyar, na tsakiya bakwai, na ƙarshe biyar, ba amshi, ba dogon yabo. Malam Saleh ya ce tunda yake bai taɓa gamuwa da waƙar da ta san lokacin yin shiru ba sai wannan. Da ya bar aiki sai ya fara fitar da 'yar mujalla ta irin waɗannan waƙoƙi da Hausa, ya sa mata suna Ɗigo. Faɗinta bai wuce tafin hannu biyu ba, kuma ba ta fitowa sai ya tara abin da ya gamsu da shi.

Masu aiko masa da waƙa ba wasu manya ba ne. Akwai ma'aikatan gwamnati, akwai matan zumunta na majami'u, akwai wani Enoch mai sayar da 'ya'yan itace a Zuba, wanda ya taɓa aiko da wannan:

Lemo ya ruɓe
ƙudan zuma sun taru
su ke ciniki.

Abin da aka fi sanin Ɗigo da shi kuwa shi ne ƙugiya. Injin da Prudence take buga masa da shi ba ya fitar da haruffan Hausa masu lanƙwasa. Ta gwada, sai ƙ da ɗ da ɓ suka fito kamar ƙananan akwatuna. Sai suka shirya a kan ta riƙa bugawa da k da d da b, shi kuma ya bi kowane kwafi, shafi shafi, yana sa wa kowane harafi ƙugiyarsa da biro. Ita Prudence 'yar Filato ce, Hausarta ta kasuwa, kuma ba ta gajiya da tsokanarsa.

"Baba, wannan ƙugiya naka zai kashe ka wata rana. Ko a waya ba wanda yana sa shi."

Yakan ce mata, "'Yata, waya ba mujalla ba ce. Wanda ya ba ni layi uku bai ba ni wurin ɓarna ba."

Shekara da shekaru ba a taɓa kama shi da harafi ɗaya ba. Har malaman makaranta sukan nuna wa ɗalibai Ɗigo su ce ga yadda ake rubuta Hausa. Masu waƙa sukan turo masa ta waya ba ƙugiya ko ɗaya, don sun san zai sa.

Abin da ba wanda ya sani shi ne idon Malam Saleh ya daɗe da fara tafiya. Duhun ta gefe ya soma shigo masa, yana matsowa a hankali, har ya zama kamar mai leƙe ta cikin bututu. Daga baya abin da ke cikin bututun ma ya fara dusashewa. Bai gaya wa 'yarsa A'isha da ke aure a Karu ba, don ya san ranar da ta ji za ta zo ta kwashe shi da kayansa, biro kuma ya rabu da shi ke nan. Masu waƙa ma in sun ji, wa zai sake ba makaho amanar harafi? Sai ya koyi dabaru. Yakan gane mutum da murya ya riga shi gaisuwa. Ya daina tsallaka titin Bwari shi kaɗai, yana cewa gwiwa ce.

A cikin masu zuwa wurinsa akwai Abdulmajeed, ma'aikaci a wata hukumar tarayya, wanda yake kiransa Baba, yake zuwa duk Asabar su zauna su ƙirga gaɓa da yatsu. A wannan daminar matarsa Kauthar ta rasu bayan 'yar gajeriyar jinya, ta bar masa yarinya ɗaya, Nabilah. Dangin matar ba su ji daɗinsa ba. Yayanta Zubairu yana cewa an yi jinkirin kai ta asibiti, kuma ya san ba su rabu da saɓani ba a watanninta na ƙarshe. Aka tafi da Nabilah gidan kakarta a Gwarimpa, da cewa za a mayar wa ubanta da ita bayan addu'ar arba'in.

Abdulmajeed ya roƙi Malam Saleh ya sa waƙarsa a shafin farko, ya kuma fitar da mujallar kafin ranar addu'ar, don ya raba wa dangi, ko za su ga abin da ke ransa wanda bakinsa ya kasa faɗa. Waƙar ita ce:

Kauthar ta tafi?
Ƙarya ce. Ga gyalenta
a bayan ƙofa.

Wannan shafi ne Malam Saleh ya fara buɗewa a bakin taga ranar ruwan. Hasken da ke shigowa kamar na bayan magariba. Ya kai takardar dab da hancinsa. Layin farko ya fara da babban K na sunan marigayiya, wanda ba ya son ƙugiya. Layi na biyu ma da babban K ya fara, daidai ƙarƙashin na farko. Idonsa ya haɗe su biyun ya mayar ɗaya. Ya tsallake sunan kamar yadda ya kamata, ya gangara ya sami ƙofa a layin ƙarshe, ya sa mata ƙugiyarta tsaf. Da hannu ya riga ya san wurin, sai ya ci gaba haka, kwafi bayan kwafi, har kwalin ya ƙare. Washegari Abdulmajeed ya aiko direba ya ɗauka, bai buɗe ba, don ba a bin bayan aikin Baba.

Ranar addu'a aka raba wa mutane bayan an shafa. Abin da suka karanta a ƙarƙashin sunan Kauthar shi ne, "Karya ce."

Kowane Bahaushe da ya saba da rubutun waya zai iya gane abin da ake nufi. Da yawa sun gane, suka ninke takardar suka sa aljihu. Amma Zubairu ya miƙe da ita a hannu, ya nuna wa mutane ƙugiyar da ke kan ƙofa, ya buɗe sauran shafuka ya nuna ba harafin da aka tsallake. Ya ce mujallar da ba ta taɓa mantuwa ba, ba za ta fara mantuwa a kan ƙanwarsa ba. Ya ce an kira ta da sunan dabba a gidan uwarta, ranar addu'arta, kuma yarinyar da aka zagi uwarta haka ba za ta koma hannun wanda ya yi zagin ba.

Da la'asar Abdulmajeed ya zo Dutse Alhaji. Bai zauna ba. Ya miƙa wa Malam Saleh shafin, ya gaya masa abin da ya faru, muryarsa a ƙasa kamar mai ba da labarin wani. Malam Saleh ya riƙe takardar a nesa yadda masu ido suke riƙewa, bai ga komai ba sai fari da wasu baƙaƙen zare. Ya ce kuskure ne, hannu ne ya zame.

"Baba, kai ba ka kuskure. Abin da suke faɗa ke nan. Suna cewa yadda na ce ka bari, haka ka bari."

Ya ce ya nuna musu saƙon da ya tura ta waya, sai ya zama bai taimake shi ba, don a can ma ba ƙugiya. Ya tsaya kaɗan kamar yana jiran wata magana. Malam Saleh ya ninke takardar ya ajiye. Abdulmajeed ya yi sallama ya tafi.

Kwanakin da suka biyo baya Malam Saleh bai fita ko masallacin layi ba. Ya san maganar da za ta wanke Abdulmajeed, ya kuma san ita ce za ta rufe Ɗigo. Ya yi ta neman wata hanya. Ya yi tunanin ɗora wa injin Prudence, sai ya tuna kowa ya san ba injin ke sa ƙugiya ba. Ya yi tunanin sake bugawa da gyara, amma da wane ido? Da safiyar Juma'a ya sa farar rigarsa, ya roƙi wani maƙwabcinsa mai tasi ya kai shi Gwarimpa.

Aka shigar da shi falo. Hajiya, mahaifiyar marigayiya, tana zaune a kan darduma ta gefen damansa, Zubairu kuma a kujerar da ke fuskantarsa. Malam Saleh ya yi ta'aziyya, ya yi wa mamaciya addu'a, sannan ya faɗi abin da ya kawo shi. Ya ce Abdulmajeed bai ga shafin ba kafin a raba, shi ne ya sa ƙugiyoyin da hannunsa, kuma idonsa ya kusa ƙarewa, ya daɗe yana ɓoyewa. Bai taɓa jin maganar a bakinsa ba sai ranar, har ya ji kamar wani ne yake faɗa.

Zubairu ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Malam, da girmanka. Idon da ya ga ƙofa, shi ne bai ga layin da ke samanta ba? Nawa ne tsakaninsu?"

Malam Saleh ya fara bayanin yadda haruffan biyu suka hau juna, yana kwatantawa da yatsu. Zubairu ya ce in surukin nasu ne ya turo shi, to ya koma ya ce masa dabarar ba ta yi ba. Suna cikin haka Hajiya ta yi magana, muryarta kusa da kunnen Malam Saleh har sai da ya zabura.

"Zubairu, bar bawan Allah. Tun da ya fara magana nake tsaye a nan ina miƙa masa ruwa."

Malam Saleh ya juya kansa gaba ɗaya kafin ya sami kofin. Yana dab da kafaɗarsa. Ya sa hannu biyu ya karɓa, ruwan yana zuba a kan rigarsa, ya kasa sha.

Hajiya ta koma ta zauna. Ta ce ta yarda ba da gangan ba ne, Allah ya ba shi lafiya. Amma ta ce takardar ta riga ta shiga gidajen mutane da sunan 'yarta a kai, kuma wata rana Nabilah za ta iya karatu. Ta roƙe shi abu ɗaya, ya tattaro abin da zai iya tattarowa a ƙone. Zubairu bai raka shi ƙofa ba.

Enoch da Prudence ne suka yi yawon karɓo kwafin. Wasu suka bayar, wasu suka ce sun ɓace, waɗanda aka aika Kaduna da Jos kuwa ba a ma bi ta kansu ba. Labarin idon ya riga su isa ko'ina. Masu waƙa suka yi ta zuwa dubiya, kowa da ledar lemo ko ayaba, ba wanda ya zo da waƙa. Enoch ya ce shi zai riƙa sa ƙugiyar in Baba zai riƙa sauraro, suka gwada rana ɗaya. Shi kuwa Enoch, da ƙ da k duk ɗaya suke fita a bakinsa, sai suka yi dariya kaɗan, suka bari.

Ba a mayar da Nabilah a lokacin da aka yi alkawari ba. Sai da aka yi hutun ƙarshen shekara Hajiya ta sa aka kai ta gidan ubanta, Zubairu kuma har yau ba ya amsa gaisuwar Abdulmajeed. Shi Abdulmajeed da kansa ya ɗauki Malam Saleh ya kai shi asibitin ido. Likita ya duba ya ce hawan jinin ido ne, jijiyar ta riga ta mutu, da an zo tun da wuri da an tsare abin da ya rage. A hanyar dawowa ba wanda ya yi maganar waƙa. Abdulmajeed yakan bugo waya ranar Sallah ya gaishe shi, amma bai sake zuwa ranar Asabar ba, kuma an ce bai sake rubuta ko layi ɗaya ba.

Malam Saleh yana Karu yanzu, a ɗakin baya na gidan 'yarsa A'isha. Yana bambance dare da rana, ba ya ganin fuska. Mijin A'isha ne yake riƙe hannunsa zuwa masallaci. Ɗigo ba ta sake fitowa ba.