Rakiyar Mma

A gidan hayar da na tashi a unguwar Nima ba a yin sirri. Ɗakuna goma sha ɗaya, tsakar gida ɗaya, in ka yi atishawa maƙwabcinka ne zai fara yi maka addu'a. Shi ya sa duk maganar da ke da nauyi sai wajen rakiya ake yinta. Baƙo ya sha ruwa, a gaisa, a yi ta hirar duniya, sai an tako waje an bar kunnuwan gida a baya sannan a faɗi abin da ke rai. Na san wannan tun ina yarinya, kuma saninsa ne ke cin zuciyata har yau.

Aikina karɓar waya ne a wani ofis a unguwar Adabraka. Wuni nake ina jin koken mutane, har ina taƙama wai babu wanda ya kai ni iya sauraro. Ashe sauraron ofis ne: ka tsinci inda matsalar take, ka ba da amsa, ka kashe waya.

Kowace Asabar nakan je gaida mahaifiyata, Mma. Tun da na yi aure ba ta taɓa raka ni ba, saboda ciwon gwiwa. Sai ga shi wata Asabar ta jawo mayafi.

"Mu je in taka miki zuwa Kawukudi, inda kike shiga mota."

Na yi dariya. "Mma, da wace ƙafar? Zauna abinki."

Ta dage, muka fita. Tana tafe a hankali, ni kuwa ido na kan titi, kunne na wajen masu kiran fasinja. Muna tsallake kwata ta ce, "Ni kuwa, 'yar nan, jikin nan nawa..."

"Gwiwar ce ko? Zan aiko miki da man shafawa."

Trotro, motar haya, ta tsaya, na faɗa ciki ina ɗaga wa Mma hannu.

Sau huɗu ta raka ni. Sau huɗu ina ƙarasa mata maganar da bakina. Man shafawar ma na aika, ina jin kaina 'yar albarka. Daga baya ta daina ɗaukar mayafin, ni kuma na ji daɗi wai ta ji shawarata.

Bayan wata bakwai maƙwabciyarta mai sayar da koko ta kira ni. Ta shiga taya Mma sa riga ne ta ga abin da ke ƙirjinta. Ƙari ne a nono, har ya fashe. Ni kaɗai ce 'ya mace a wajen Mma, ba maganar da za ta iya yi da 'yan'uwana maza ba ce.

A asibiti likita ya tambaye ta tun yaushe ta fara jinsa. Ta ce tun kafin azumi. Ya juyo ya dube ni.

Da muka fito na riƙe hannunta ina kuka. "Mma, don Allah me ya sa ba ki faɗa mini ba?"

Babu faɗa a muryarta, da ma ta yi faɗan da na fi samun sauƙi. Ta gyara mini ɗankwali ta ce, "Ai na raka ki, 'yar nan. Motarki ce ke saurin zuwa."

Ba ta kai azumi na gaba ba.