Kabewar Buba a Tulun Gudiya

Duk wanda ya ci kasuwar Jega da kaka a shekarun farko na Jihar Kebbi ya san Gudiya mai gasasshiyar kabewa. Ita ce dattijuwar nan ta Alelu da ke zama kusa da 'yan tukwane, tuluna uku ko huɗu a gabanta baƙi ƙirin, tana zura ƙaramin ludayi tana kwaso wa mutane kabewa mai zuma da man shanu. Baƙi kan tsaya su yi ta leƙen bakin tulu, wanda da ƙyar hannu yake shiga, suna tambayar yadda aka yi kabewa guda sukutum ta shiga ciki. Ba ta taɓa ba su amsa ba. Ni maƙwabciyarta ce, a gabana aka yi komai, kuma babu wanda ya ce in yi shiru.

Gudiya 'yar Maiyama ce. Uwarta maginiyar tukwane ce ta gaske, amma ita ba ta gada ba. Duk abin da ta gina sai ya fito da ƙusumbi, har uwar ta haƙura ta mayar da ita wajen hura wutar gashi. Aure ya kawo ta Alelu, ta haifi 'ya ɗaya, Binta, mijin ya rasu, Binta ta yi aure can Maiyama. Abin da ya rage mata a gida shi ne akuya ɗaya, da kaji, da wani jan tulu, na ƙarshe da uwarta ta gina kafin ta rasu.

Tulun nan ba na wasa ba ne. Ko ana tsakiyar bazara jikinsa na tsattsafo da ruwa, abin da ke ciki kuwa har haƙori yake ji. Da azumi gida-gida ake aiko mata da kwanon sha. Ta sha gaya mini, "In na sha ruwan tulun ga, ji nikai awa inna ta miƙo min da hannunta." Ba ta da hoton uwar, ba ta da ko zanenta. Tulun ne kawai.

A daminar 1991 Binta ta haihu. Gudiya ta wanke tulu, ta kishingiɗar da shi gindin danga don ya sha iska, sai ga motar Maiyama ta tsaya bakin hanya tana ta oda. Ta suri ƙunshinta ta fita, ta manta da shi. Kwana arba'in ta yi can tana yi wa Binta wankan jego. Ta tafi tana 'yar Jihar Sakkwato, ta dawo ta tarar an mayar da ita 'yar Jihar Kebbi ba tare da an tambaye ta ba. Wannan bai dame ta ba. Abin da ya dame ta shi ne da ta je ɗaukar tulu ta ji ya ƙi tashi.

Bayan dangar nan kuwa gidan Buba ne, wani manomin albasa da in ka ce masa rana ta fito sai ya fita ya duba. Yaɗon kabewarsa ne ya ratso danga, ya zura ɗa guda cikin bakin tulu tun yana kamar ƙwan kaza. Ɗan ya samu inuwa da sanyi, ya miƙe ƙafa. Kafin Gudiya ta dawo ya kusa cika cikin tulun, kuma bai gama girma ba.

Ta ɗauko wuƙa za ta yanke yaɗon, sai ga kan Buba ta saman danga. Turmi ya taka.

"Uwar Binta, mi za ki yi da wuƙag ga?"

"Malam Buba, kabewarka ta shiga tuluna ba sallama. Hidda ta za ni yi."

"Wallahi wuƙa ba ta taɓa kabewag ga! A hwasa tulun, in sawo miki wani Jega."

"Wallahi ko tsakuwa ba ta taɓa tulun ga!"

Shi ke nan, rantsuwa biyu sun haɗu a kan danga ɗaya. Buba yana da kabewa goma sha wani abu a kan rufin ɗakinsa, wasu har ruɓewa suke. Wannan ɗin ce kawai ya ga dama, saboda tana gidan wani.

Aka kai magana gaban mai gari. Da yake ba a iya ɗaukar tulu ba tare da an tsinke yaɗo ba, sai shari'ar ce ta taso ta zo wurin tulu. Aka shimfiɗa wa mai gari buzu kusa da akurkin kaji, fadawa suka tsuguna. Ya leƙa bakin tulu da ido ɗaya, ya daɗe, sannan ya ce saiwa tana gidan Buba, don haka kabewa ta Buba ce, tulu kuwa na Gudiya ne, wannan kowa ya sani. Ya ce ɗayansu ya yi kaffara ya warware rantsuwarsa. Kowannensu ya ce ɗayan ya fara.

Gudiya ta ce, "Ranka shi daɗe, in akuyata ta cinye yaɗon hwa?"

Mai gari ya shafa gemu. "Haƙorin akuya wuƙa na. A ɗaure ta."

Aka ɗaure akuya, wadda ba ta san hawa ba balle sauka.

Makonnin da suka biyo baya Gudiya ta rame. Kabewa tana ƙara ƙiba, kuma ita 'yar maginiya ce, ta san ƙarfin da yumɓu yake iya ɗauka daga ciki. Ta naɗe tulu da igiyar rama tun daga wuya har gindi. Kullum da safe sai ta durƙusa ta kara kunne a jikinsa, ko za ta ji ƙas. Buba kuwa, Allah ya yafe masa, ni dai ban yafe ba, taki ya riƙa zuba wa saiwar, yana ba ta ruwa ana tsakiyar damina. Ya hau turminsa ya leƙo ya ce, "Ina kwana uwar Binta? Ya baƙuwarki ta kwana?" Mutane suka fara zuwa kallo daga Aliero, har wani direba ya ce a ba shi ya ɗora a mota ya kai Birnin Kebbi a nuna wa sabbin ma'aikata. Gudiya ta bi shi da muciya.

Allah ya taimake ta ruwa ya ɗauke da wuri. Yaɗo ya bushe ya tsinke don kansa, tulu bai fashe ba. Sai dai wata sabuwa ta taso. Kabewa ta cika tulu maƙil, kuma in ta ruɓe a ciki, ɗoyin ba zai fita daga yumɓun ba har abada. Buba ya ce shi bai ga abin sauri ba.

Wata Laraba da hantsi na ji ƙarar haƙa. Na leƙa na ga Gudiya ta yi rami tsakar gida, ta jera busasshen kashin shanu da ƙaiƙayin gero, irin yadda take hura wa uwarta wuta a Maiyama. Ta kwance igiya, ta zaunar da tulu a tsakiya, ta kifa kasko a bakinsa. Buba ya hau turmi da gudu.

"Mi ka hwaruwa nan?"

"Ka rantse kan wuƙa, na rantse kan dutse. Wa yar rantse kan wuta?"

Aka aika wurin mai gari, ya aiko da cewa shi ma bai ji an ambaci wuta ba.

A hankali ta bi da wutar, ba harshe, sai rushi. Da azahar ta ɗaga kasko ta danna da yatsa, kabewa ta lotsa. Ta cire busasshen hancin, ta huda da gindin ludayi ta kwashe 'ya'yan. Da ta tsaya a nan, da magana ta ƙare lafiya. Amma Buba yana saman danga yana cewa ai kabewa ba gishiri abincin jaki ce. Sai Gudiya ta shiga ɗaki a fusace, ta fito da ƙwaryar man shanu da kwalbar zuma, ta juye su duka ciki, ta barbaɗa citta da kanumfari, ta mayar da kasko.

Kafin la'asar ƙanshi ya kai masallaci. Liman ya ja gajerun surori. Ina gaya muku ban taɓa cin abu irin wannan ba: ta yi laushi lugub, zuma ta ratsa ta, gefen da ya taɓa yumɓu ya ɗan ƙone ya yi danƙo. Aka zuba wa Buba a akushi tunda kabewarsa ce. Ya ce zuma ta yi yawa, ya miƙo akushi a ƙara masa, har sau uku. Mai gari ya ci da tuwon dare, ya aiko tambaya ko da saura.

Daga nan sana'arta ta samo asali. Duk damina sai ta sayi tuluna masu araha ta jera su gindin yaɗo, ta zura musu 'ya'yan kabewa da hannunta, da kaka ta gasa ta kai Jega. Da ita ta ci, da ita ta sha, har ta yi wa jikokinta kayan ɗaki.

Amma tulun uwarta fa? Ya fito daga rami ko tsagewa bai yi ba, unguwa ta yi ta guɗa. Kwana uku tana wanke shi da toka da soso. A rana ta huɗu ta cika shi da ruwa tun safe, ta mayar da shi kusurwarsa. Da yamma ta kira ni ta danga.

Na same ta zaune a gabansa. Ta ce in taɓa jikinsa. Na taɓa, ya bushe ƙayau, ba tsattsafo ko ɗigo. Ta ɗebo a ƙoƙo ta miƙo mini. Ruwan da ɗumi, yana ƙanshin man shanu.

"Mai ya toshe mishi jiki," in ji ta. "Inna ba ta bari a kusanto da mai inda tulu. Tun ina ƙarama nis san haka. Ina zubawa ina kallon Buba."

Na ce wataƙila in an ƙara wankewa zai dawo. Ta girgiza kai, ni ma na san ƙarya nake. Tausayinta ya kama ni har na kasa kallon fuskarta.

Ta karɓi ƙoƙon daga hannuna, ta shanye ruwan duka a hankali, sannan ta ce in tafi gida, tana son ta ɗan zauna.